Hita Ta Ƙi Ɗauka: Daga Ina Za Mu Fara Bincike?

 Hunturu ya kankama, kuma duk wanda yake Yelwa, ko Wara, ko Shanga, ko wani ƙauye a gaɓar ruwa, ya san abin da ake nufi da sanyin asuba a bakin kogi. A irin wannan lokaci ne wankan safe yake zama yaƙi, kuma a lokacin ne kowa yake tunawa da hita da butar lantarki, waɗanda suka shafe watanni a ƙarƙashin gado ba wanda ya kula su. Sai a ciro, a jona, a zauna jira, ruwa ya ƙi ko da ɗumi. Ga lokacin makaranta yana ƙurewa, ga malamin da ke tsare ƙofa da bulala.

Abin da yawancinmu muke yi a nan iri biyu ne. Wani ya ce hita ta mutu, a jefar a sayi sabuwa. Wani kuma ya ɗauko wuƙa ya fara kwance fulogi, yana tura waya tsirara cikin soket. Na farko ya yi asarar kuɗi, na biyu yana wasa da ransa. Yau muna so mu koyi hanya ta uku, wato bincike daki-daki, irin wanda masu gyaran wuta na ƙwarai suke yi, tare da sanin inda ya kamata ɗalibi ya tsaya ya kira babba.

Mu fara da sanin kayan. A gidajenmu akwai masu dafa ruwa iri uku. Akwai hitar da ake tsomawa cikin bokiti, mai murɗaɗɗen ƙarfe. Akwai butar lantarki mai zama a kan gindinta. Akwai kuma babbar hitar banɗaki mai tanki, wadda ake maƙalawa a bango. Duka ukun aikinsu ɗaya ne: a cikin bututun ƙarfen akwai wata siririyar waya da ba ta barin lantarki ya wuce cikin sauƙi, to wannan turjiya ita ce take komawa zafi. An lulluɓe wayar da wani farin gari mai barin zafi ya fita amma ya hana lantarki taɓa bututun. Ku riƙe wannan bayani, za mu dawo kansa, domin ran mutum yana rataye a kan wannan garin.

Abu na biyu shi ne mu fahimci cewa lantarki tafiyar sarƙa yake yi. Mu mutanen Yauri muna kusa da farkon sarƙar. Madatsar Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka kammala a 1968, tana cikin Jihar Neja, amma tafkinta ya miƙo har ƙasarmu, kuma shi ne ya tashi dubban mutane daga gungunansu da gonakinsu, ciki har da Gungawa, aka sake musu matsuguni. An kafa mata injuna 8 masu ƙarfin megawat 760 gaba ɗaya. Sai dai wutar ba ta fitowa daga can ta faɗo ɗakinmu kai tsaye don muna maƙwabta. Tana shiga babban layin ƙasa a kan bolt 330,000, a riƙa rage ta a tashoshi zuwa 132,000, zuwa 33,000, zuwa 11,000, har ta iso taransifomar unguwa, wadda take mayar da ita kusan bolt 230 da muke amfani da shi. Daga taransifoma sai falwaya, sai mita, sai akwatin rarraba wuta na gida, sai soket, sai fulogi, sai igiyar hita, sai ita wayar da ke cikin bututu. Ko'ina sarƙar ta tsinke, sakamakon ɗaya ne: ruwa ba zai yi zafi ba. Shi ya sa Bahaushe ya ce ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Mai hankali yana fara bincike daga waje ne ya shigo ciki, daga abu mai sauƙi zuwa mai wuya.

Tambaya ta farko: akwai wuta a gidan kuwa? Kada ku yi dariya, da rana tsaka ana iya ɗauke wuta ba wanda ya lura. Kunna ƙwan ɗaki ka gani. In babu, leƙa maƙwabta. In kowa duhu ne, to aikin ba naka ba ne, sai a hura gawayi. Har yau muna cewa NEPA ta ɗauke, alhali NEPA da aka kafa a 1972 ta koma PHCN tun 2005, sannan a 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu. Jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna suna ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna.

To in maƙwabcinka na da wuta kai ba ka da ita fa? Ba sihiri ba ne. Taransifoma layi uku take fitarwa, ana raba gidaje a kansu. Layi ɗaya yana iya faɗuwa sauran biyu suna aiki. A nan ne ake ganin wasu suna hawa kan benci suna cire fiyus ɗin mita daga wannan layi su mayar wancan, ko ma su ɗauki gora suna zungurar waya a kan falwaya. Muna roƙonku da babbar murya, wannan ba aikin ɗalibi ba ne. Wutar da ke gaban mita babu makunnin da za ka kashe ta da shi daga cikin gida, kuma tsakanin layi da layi akwai kusan bolt 400.

Tambaya ta biyu: in gidanku mitar kati ce, akwai sauran kuɗi a ciki? Duba lambar da ke jikin allon. Hita tana cin wuta fiye da yadda ake zato. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Butar da ke cin wat 2,000 za ta cinye yunit guda cikin minti 30, alhali ƙwan zamani mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya ci hakan. Wata mitar kuma an ƙayyade mata nauyin da za ta ɗauka, in aka haɗa hita da dutsen guga da injin jan ruwa lokaci ɗaya sai ta yanke, ta dawo bayan an rage kaya. Haka nan a duba hannun canjin layi, a gidajen da suke da janareta: mai yiwuwa an bar shi a ɓangaren janareta tun daren jiya.

Tun da mun ambaci janareta, ga wani abu da ke ruɗa mutane. Ƙaramin janaretan nan na masu shago, wanda ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai, ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba. In ka jona masa buta mai wat 1,500 ko 2,000, zai yi gurnani, ƙwai su dushe, ko ya mutu gaba ɗaya. Haka ƙaramar inbatar sola. Butar lafiyarta ƙalau, kayan ne suka fi ƙarfin jakin.

Tambaya ta uku: wutar tana da ƙarfi? Duk mun san daren da ƙwai yake ja kamar garwashi, fanka tana juyawa kamar mai jin barci. A nan darasin Fiziks yake shigowa. Zafin da hita take bayarwa yana bin bolt ne sau kansa, a raba da turjiyar wayar. Ma'ana, in bolt ya sauka daga 230 zuwa 160, zafin zai ragu zuwa ƙasa da rabi kaɗan. In ya sauka zuwa 115, wato rabi, zafin zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Mu gwada da bokiti mai lita 20. Ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya yana buƙatar jul 4,200, kamar yadda ake bayarwa a tambayoyin WAEC da NECO. Don kai lita 20 daga digiri 20 zuwa 40, sai mu ce 20 sau 4,200 sau 20, ya ba mu jul 1,680,000. Hita mai wat 1,000 tana ba da jul 1,000 a kowace daƙiƙa, don haka za ta ɗauki daƙiƙa 1,680, wato minti 28. In wuta ta sauka zuwa bolt 160, aikin zai kai kusan awa guda. Wanda bai san wannan lissafi ba, bayan minti 15 sai ya yanke hukunci cewa hita ta lalace.

Tambaya ta huɗu: ƙwai yana ci amma soket ba ya aiki? A gidan da aka yi wa wayarin na ƙa'ida, layin ƙwai daban, layin soket daban, kowane da nasa makunnin kariya a akwatin rarraba wuta, wanda masu gyara suke kira bireka. In aka ɗora wa layi nauyin da ya fi ƙarfinsa, ko waya biyu suka haɗu, bireka takan faɗi da kanta don kada waya ta kama da wuta. Gaya wa babba a gida. A cire hitar daga soket, a tabbata hannu a bushe yake, ƙafa da takalmin roba, sannan a ɗaga birekar sau ɗaya. In ta tsaya, a sake jona hitar. In ta sake faɗuwa da zarar an jona, to an gano mai laifi, hitar ce, a ajiye ta. In kuwa ta faɗi tun ba a jona komai ba, matsalar tana cikin wayarin gida, sai mai gyara. Ruwa ba ya tsami banza. Birekar da take faɗuwa magana take yi, kuma wanda ya danne ta da tsinke ko ya ɗaure ta da zare ya toshe bakin mai yi masa gargaɗi.

Tambaya ta biyar: soket ne ko hita? Nan akwai dabara mai sauƙi da ba ta buƙatar kwance komai, wato musaya. Ɗauko abin da ka tabbata yana aiki ka jona a soket ɗin, sannan ka kai hitar wani soket da ka tabbata yana aiki. In hitar ta ɗauka a can, soket na farko ne ya lalace. In ta ƙi a duka biyun, matsalar tana jikinta. Amma a lura, cajar waya ba shaida ce mai ƙarfi ba, domin wutar da take ja kaɗan ce ƙwarai. Soket ɗin da bakinsa ya saki zai iya cajin waya amma ya kasa ɗaukar buta. Dutsen guga ya fi dacewa da wannan gwaji. Yi amfani da ido da hanci kuma: baƙin tabo a bakin soket, roba da ta narke, warin ƙuna, ko ƙarar tsartsatsi, duk alamu ne na a daina amfani da shi nan take.

Kada mu manta da doguwar wayar nan mai soket da yawa, wato ekstenshan. Buta mai wat 2,000 a kan bolt 230 tana jan kusan amfiya 8.7. Yawancin ekstenshan masu araha da ake shimfiɗawa a kasuwa, in aka yanka igiyarsu, 'yan silin waya ne ƙalilan a ciki, sun dace da caji da rediyo kawai. In aka ɗora musu hita sai igiyar ta yi zafi, robar ta yi laushi, daga nan sai gobara, musamman a hunturu da komai ya bushe kuma ɗaki cike yake da katifa da labule. Araha ba ta ado. Hita da buta a jona su kai tsaye a soket ɗin bango.

Tambaya ta shida: fulogi da igiya. A zare daga soket tukuna. Bi igiyar da ido daga farko zuwa ƙarshe, ko ɓera ya ci, ko ƙofa ta datse, ko ta karye a wuyan fulogi inda ake yawan lanƙwasawa. Fulogi mai ƙafa uku masu kusurwa, irin wanda muka gada daga Ingila, yana da ɗan fiyus a ciki, na buta yawanci mai amfiya 13 ne. Aikinsa ya ƙone kafin igiya ta ƙone. In ya mutu, a sa babba ya canza shi da sabo mai lamba iri ɗaya. Naɗe shi da silin waya ko takardar azurfa ta kwalin taba, kamar yadda wasu ke yi, daidai yake da korar mai gadi don yana hana barci. In sabon ya sake ƙonewa, to akwai ciwo a cikin hitar. Yana da kyau kuma ku san launukan wayoyin: ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce ta komawa, mai kore da rawaya ita ce ta ƙasa, wadda take kwashe wuta in ta zubo jikin ƙarfe. A tsofaffin kaya za ku ga ja da baƙa da koriya. Doguwar ƙafar fulogi ta sama ita ce ta ƙasa, don haka wanda ya yanke fulogi ya tura waya biyu cikin soket da tsinken ashana ya jefar da kariya biyu a lokaci guda, fiyus da wayar ƙasa.

Tambaya ta bakwai: ita kanta na'urar. Butar lantarki tana da wani ɗan ƙarfe mai lanƙwashewa in ya ji zafi, shi ne yake kashe ta in ruwa ya tafasa, akwai kuma wani da ke yanke wuta in aka kunna ta babu ruwa. In hakan ta faru, a zare ta, a bar ta ta huce kamar minti 15, a zuba ruwa a sake gwadawa, sau da yawa takan dawo. A duba kuma ko ta zauna daidai a kan gindinta, ko ruwa ya jiƙa wurin haɗuwar. In ɗan ƙwanta yana ci amma ruwa ba ya zafi, alama ce wayar cikin bututu ta tsinke. Mai gyara zai tabbatar da haka da mitar awo: buta mai wat 2,000 ya kamata ta nuna turjiya kusan om 26, in ta tsinke ba za ta nuna komai ba. Farin dattin da ruwan rijiya ko na burtsatse yake bari a jikin ƙarfen shi ma yana rage aiki, yana sa ƙarfen ya yi zafi fiye da kima. Ruwan lemun tsami yana narkar da shi, a jiƙa, a ɗauraye.

Babbar hitar bango kuwa, iyakar ɗalibi shi ne ya duba makunninta mai jan ƙwai da ke wajen banɗaki, ya duba bireka, ya tabbata akwai ruwa a tankin sama, domin kunna ta babu ruwa yana ƙone ta. Abin da ke bayan murfinta na mai gyara ne.

Yanzu mu koma kan farin garin nan da muka ce ku riƙe. In bututun hita ya tsufa ya tsage, ruwa yana shiga ya jiƙa garin, sai lantarki ya samu hanya zuwa cikin bokiti. Hitar tana iya ci gaba da dafa ruwa kamar lafiyarta ƙalau. Busasshiyar fata tana da turjiya mai yawa, amma jiƙaƙƙen jiki a kan jiƙaƙƙen siminti turjiyarsa tana iya sauka zuwa kusan om 1,000. Raba bolt 230 da 1,000, ka samu miliamfiya 230. Na'urar kare rai da ake sawa a gidajen zamani tana yanke wuta ne tun a miliamfiya 30, domin abin da ya wuce haka yana iya rikita bugun zuciya. Ke nan wanda ya tsoma yatsa don ya ji ko ruwa ya yi zafi alhali hita tana jone, ya ba da kansa ga abin da ya ninka wancan ma'auni fiye da sau bakwai. Ƙa'idar hitar bokiti ba ta da wuya: a tsoma ta cikin ruwa kafin a jona, kada ruwa ya kai hannunta, kada ta taɓa jikin bokitin roba, a zare fulogi kafin a taɓa ruwa ko bokiti, a ɗan jira ta huce kafin a ciro ta, kuma kada a bar ƙanne su kaɗai a ɗakin. In ka taɓa jin ɗan ja ko tsikari daga bokiti ko famfo, kwanan hitar ya ƙare.

'Yan makarantar kwana, muna da magana ta musamman da ku. Mun san hitar haɗin hannu da ake yi da reza biyu ko cokula da guntun katako a tsakani. Wannan ba ta da bututu ba ta da gari, ruwan kansa ne hanyar lantarki, wato duk bokitin ya zama waya tsirara. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wankan ruwan sanyi bai kai wannan haɗari ba.

In Allah ya kawo tsautsayi wuta ta kama wani a gabanka, kada ka cafke shi, za ta haɗa da kai. Kashe makunni ko zare fulogi. In ba ka iya kaiwa, tsaya a busasshen wuri ka ture wayar da busasshiyar sanda ko muciya ko kujerar roba. Ka yi ihu a kawo ɗauki. In ba ya numfashi, wanda ya iya danna ƙirji ya fara nan take, a garzaya da shi asibiti. Ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi likita ya duba zuciyarsa. Wutar da ta kama daga waya kuma ba a watsa mata ruwa sai an yanke lantarki, yashi ya fi.

Wannan tsari na tambaya bayan tambaya, a canza abu ɗaya a ga sakamako, shi ne abin da malamai suke koya mana a ɗakin gwaji, kuma da shi makanike yake gano ciwon injin jirgin ruwa a bakin kasuwar Yelwa. Wanda ya saba da shi tun daga sakandare ya kama hanyar zama injiniya ko ƙwararren mai wayarin, sana'ar da kullum ake nemanta yanzu da sola take shiga ƙauyukanmu. 'Yan mata, har da ku, domin lissafin bai san namiji ko mace ba.

Ga aikin gida. Buta mai wat 1,500 tana kan bolt 230. Amfiya nawa take ja? Minti nawa za ta ɗauka ta kai lita 2 na ruwa daga digiri 25 zuwa 100, in babu zafin da ya salwanta? Ku nuna yadda kuka bi, ku rubuta sunanku da ajinku da makarantarku, za mu kawo amsa da sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba. Kafin nan, ku duba bayan butar gidanku, a zare daga soket, ku karanta wat nawa aka rubuta.

Allah ya tsare mu da iyayenmu, ya ba mu sa'ar karatu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.